Wa Zai Tsawata wa Ɗan Agaji?



Yau a filinmu na sharhi zan taɓo mutanen da ba a cika taɓawa ba, domin duk wanda ya buɗe baki a kansu sai a kira shi butulu. Ina nufin 'yan agajin karkara. Idan mota ta kife a hanyar kasuwa su ne farkon isa. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin tsakar dare ƙofarsu ake bugawa. Idan yaro ya faɗa rijiya sunansu ake ƙwalawa. Wasu suna cikin kakin Fityanul Islam, wasu na rundunar agajin Jama'atu Nasril Islam, wasu na Izala, wasu na Red Cross, wasu na ƙungiyoyin coci. Wasu kuwa ba su da kaki ko na rantsuwa, direbobin tasha ne da 'yan acaɓa da 'yan sintiri. Ba albashi, ba alawus, sau da yawa man da ke cikin tankin ma daga aljihunsu ya fito. Wanda ya zauna a ƙauyen da ke da tafiyar awa biyu zuwa babban asibiti ya san cewa ba don su ba, da gawar da ake binnewa ta ninka.

To amma akwai abin da muke gani muna kawar da kai. A kusan kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya ko biyu da 'yan'uwansu suka san hannunsu yana da haɗari. Ba mugaye ba ne. Galibi ma su ne suka fi kowa himma, su ne ba sa kashe waya, su ne ba sa cewa sun gaji. Kuma saboda wannan himmar ce ba mai iya ce musu uffan. Da ka ɗaga magana sai a ce, "Haba Malam, aikin Allah fa yake yi, ko sisi ba a ba shi." Shi ke nan an rufe bakinka.

Mu fara da bakin titi, inda abin ya fi yawa. Mota ta yi taho-mu-gama, mutum yana kwance a gefen kwalta, yana magana, yana motsa yatsun ƙafarsa. A cikin ƙashin bayansa akwai laka, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu. Ƙashin wuya yana iya tsagewa ba tare da lakar ta taɓu ba. Sai majiya ƙarfi huɗu su iso da gudu, biyu su kama hannuwa, biyu su kama ƙafafu, kai yana reto, a naɗe shi a kujerar bayan Golf ko a jefa shi a bayan a-kori-kura, a hau hanya mai gargada. Kafin a isa asibiti ƙashin da ya tsage ya goce ya datse lakar. Likita ya duba ya ce wannan bawan Allah ba zai sake takawa ba. 'Yan'uwansa su ce haɗari ne ya jawo. Haɗarin ya yi nasa, ɗaukar ce ta ƙarasa, kuma waɗanda suka ɗauke shi har su koma ga Allah ba za su sani ba, don ba wanda zai je ya gaya musu.

Abin da ake koyarwa a kwas ɗin taimakon gaggawa ba ɓoyayye ba ne. In ba wuta ke ci ba ko wata motar ke shirin bi ta kansa, ba a fizgar wanda ya yi haɗari. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa, a nemo abu mai faɗi da tauri, ko da ƙyauren shago ne, a mirgina shi a kai gaba ɗayansa, kai da ƙirji da ƙugu a lokaci guda. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, balle madara, domin maƙogwaronsa ba ya aiki, huhu ruwan zai tafi. Wannan duk bai fi ƙarin minti uku ba. Amma a idon taron da ya kewaye wurin, wanda ya tsaya neman ƙyaure shi ne mai nawa, wanda ya sungumi mutum ya saɓa a kafaɗa shi ne jarumi. Mu 'yan kallo muna da kaso a cikin laifin nan, mu ne masu ihun "ku yi sauri mana!"

Su kansu 'yan agajin, wa ke tsare musu titi? Da daddare za ka gan su tsakiyar kwalta cikin kaki mai duhu, an tsinko ganye an jefa a taku goma, an ce an yi alama. Tirelar da ta ɗauko siminti ba ta san taku goma ba. Aikin farko a wurin haɗari shi ne a tura mutum biyu da tocila can nesa, gaba da baya, su rage wa motoci gudu. Ba wanda ke son wannan aikin, don ba a ganin mai yin sa a hoto.

Sai rijiya da salga. Duk mai bin labaran 'yan kwana-kwana ya sha jin irin wannan: mutum ɗaya ya faɗa, na biyu ya shiga ceto bai fito ba, na uku ya bi, aka wayi gari gida ɗaya da gawa uku. Mutane kan ce rijiyar tana da iska. Tana da iska kam, amma ta wani irin. A ƙasan tsohuwar rijiya ko ramin salga, iskar da muke shaƙa takan yi ƙaranci, gurɓatacciya mai nauyi ta taru ta kwanta. Idan kuma an sauke injin jan ruwa a ciki, hayaƙinsa ba ya da hanyar fita. Mutum ba ya jin alamar komai, numfashi kaɗan zai ja ƙafafunsa su saki. Ƙarfin ƙirji ba ya magani a nan. Ɗan agajin da ya tuɓe riga ya dira ba igiya a ƙugunsa, ba mutanen da ke riƙe da ita a sama, bai rage yawan waɗanda za a ceto ba, ƙari ya yi.

Haka tankar mai. Ba mu manta da Majiya ba, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, inda a watan Oktoban 2024 tanka ta faɗi, jama'a suka taru, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan nan, a Janairun 2025, aka sake yi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, sama da mutum 80. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin kwata da gangare ya yi nisa ba a ganinsa, tartsatsin janareta ko salansar babur ya ishe shi. Ɗan agaji a irin wannan wuri ba shi da aikin da ya wuce ya kori jama'a, ya kori kansa tare da su, ya hana kunna inji, ya kira 'yan kwana-kwana. Wanda ya matsa kusa don ya ga ko da abin taimako, ya ba yara hujja ne su ma su matso. Suna ganin kaki a wurin sai su ɗauka lafiya ƙalau.

Akwai kuma haɗarin da ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Jini. Yawancinmu ƙanjamau muke tsoro, alhali binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna masu ɗauke da ita cikin manya ba su kai 2 cikin 100 ba, masu ciwon hanta nau'in B kuwa sun kai kimanin 8 cikin 100, kuma ya fi ta saurin kama mutum ta jini nesa ba kusa ba. Ɗan agajin karkara manomi ne, hannunsa duk kaushi da tsaga da yankan lauje. Da wannan hannun yake danne rauni, ya goge a wando, ya je gida ya sa a kwanon tuwo tare da 'ya'yansa. In ka miƙa masa safar hannu sai ya ce, "Mu da muka daɗe a harkar nan? Allah ke tsarewa." Allah ke tsarewa, haka ne, kuma Shi ya hore allurar rigakafin ciwon hantar nan, sau uku ake yi. Wanda allura ta soke shi ko jinin wani ya shiga rauninsa, akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake farawa kafin awa 72 su cika. Ga zazzaɓin Lassa da ke tashi duk rani, wanda tun gano shi a garin Lassa na jihar Borno a 1969 masu jinya na cikin waɗanda yake kayarwa. 'Yan agaji nawa ne aka taɓa zaunar da su aka gaya musu wannan?

Wasu abubuwan gado ne, daga gida aka taho da su aka sa musu kaki. Ƙuna a fasa mata ƙwai ko a shafa man goge baki ko baƙin mai, alhali ruwa mai sanyi take so na kamar minti 20. Mai farfaɗiya a cusa masa cokali a baki har haƙori ya karye. Yaron da ya sha kananzir a ɗura masa manja don ya yi amai, aman ya koma huhu. Saran maciji a ɗaure ƙafa tamau da roba, a tsaga da reza. Ku tambayi ma'aikatan asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe: dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, wanda aka tsaga jininsa ba ya tsayawa, ƙafar da aka shaƙe awa da awanni kuma ruɓewa take yi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya yi kwas na kwana uku, ya dawo aka fara ce masa "likita", bai hana ba. Yau bandeji, gobe allura, jibi ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar ɗakin wani. Jami'in lafiyar da kuke gani a ƙaramin asibitin mazaɓa shekara biyu zuwa uku ya yi a makarantar koyon aikin lafiya, kuma duk da haka an shata masa iyaka. Mace tana zubar da jini bayan haihuwa, kowane minti yana da tsada, shi kuma yana laluben jijiya, don kada a ce ya kasa.

A nan dole a yaba wa tsarin da aka yi da ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihohi irin su Katsina da Zamfara da Yobe da Jigawa, inda aka horar da direbobin tasha su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti, ladansu a tasha shi ne a ba su lodi ba sai sun bi layi ba. Jigawa ma ta kafa nata shirin na Haihuwa Lafiya. Irin wannan direba ya san aikinsa kaiwa ne, ba magani ba. Sai dai shi ma akwai inda yake zamewa. Wanda ya wuni a hanya, ya haɗiyi ƙwaya don barci ya sake shi, ya ɗauki mai naƙuda da uwarta da ungozoma ya take mota har ƙasa a hanyar da shanu ke tsallakawa da dare, rai biyar ya ɗora a kan minti goman da yake son ragewa.

To me ya sa ba a magana? Kunya ce da girma. Yarinya ko saurayi ɗan shekara 19 ya dawo daga horo da sabon ilimi, ya ga Baba Kwamanda, sa'an mahaifinsa, wanda ya kafa reshen tun kafin a haife shi, yana ɗura wa sumamme ruwa. Ya ce me? A gaban jama'a? Wani lokacin kuma mai kuskuren ɗan dagaci ne, ko shi ya sayi motar, ko shi ke ɗinka wa yara kaki. Sai kowa ya haɗiye, a koma bayan ido ana gunaguni.

Amma ai muna da misali a gabanmu sau biyar a rana. Idan liman ya yi mantuwa a salla, na bayansa yana yi masa tasbihi, ko da ɗalibinsa ne, ko da jikansa ne. Liman ba ya jin an ci masa fuska, na baya ba ya jin ya yi rashin kunya, saboda tun kafin a tayar da salla kowa ya san haka dokar take. Wannan ne sirrin. Gyaran da aka amince da shi tun ana zaune lafiya ba ya zama raini ranar da ake cikin jini. Kowane reshe ya zauna ya yanke, shugaba da bakinsa ya faɗa a gaban kowa: a wurin aiki duk wanda ya ce "a dakata", ko jiya ya shiga ƙungiya, hannu ya tsaya, a ji abin da ya gani. In ya yi kuskure an yi asarar daƙiƙa biyar. Kuma ranar da ƙaramin yaro ya fara ce wa Kwamanda a dakata, Kwamanda ya dakata, daga ranar dokar ta zauna. In ya harare shi kuwa, ta mutu, ko an rubuta ta a bango.

Sauran gyaran ba na bainar jama'a ba ne. Shugaba ya sami mutumin shi kaɗai, a ranar ko washegari, tun abin bai huce ba, ya kama aikin da aka yi, kada ya kama hali. "Kai dai ba ka jin magana" faɗa ne, ba ya gyara kowa. Amma, "Malam, jiya da aka ɗauko yaron nan daga ƙarƙashin babur, kansa yana reto. In wuyansa ya taɓu, mu muka ƙarasa shi. Zo mu gwada yadda za mu yi nan gaba," wannan magana ce da mutum zai iya ɗauka ya tafi da mutuncinsa. Sannan a ajiye littafi, ko na ɗan firamare ne, a rubuta kowace fita: me ya faru, wa ya je, me aka yi, me ya kusa ɓaci. Na lura rassa da yawa suna ba fareti yammaci biyu a mako, hagu-dama har takalmi ya cinye, amma a shekara ba a kwantar da mutum ɗaya a tabarma an gwada ɗaukarsa ba. Fareti yana da kyau ranar Maulidi da ranar wa'azin ƙasa. A raba lokacin biyu mana.

Ma'aikatan asibiti su ma su ji. Ku ne kuke ganin sakamakon, ku ne kuke kwance robar da aka ɗaure ƙafa da ita. Tsawar da kuke daka musu a bakin ƙofa ba ta koya musu komai, sai dai gobe su kai mara lafiya kemis don gudun wulaƙanci. Inchajin asibitin mazaɓa ya ba su awa ɗaya a wata, ya ce ga abin da kuka kawo, ga wanda ya yi kyau, ga wanda ya ɓaci. Ya kuma sanar da su abin da doka ta ba su: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, kuma kada a muzguna wa wanda ya kawo shi. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba, rashin sanin wannan yana sa a yi ta yawo da mai rauni ana neman wanda zai cire harsashi a ɓoye.

Na san abin da wani shugaban reshe yake cewa yanzu a gaban rediyonsa: "Malam, kana birni kana magana. Mu huɗu ne a garin nan. In na ɓata wa ɗaya rai ya ajiye kaki, wa zai tashi da dare?" Maganarka tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ba kowane gyara ne kora ba. Mai ƙarfin da ba ya iya haƙurin riƙe wuya, a ba shi tsare titi da korar taro, a nan ƙarfinsa da muryarsa suke da amfani. Direban da ya wuni a hanya, a nemi wani ya karɓi sitiyari. Kuma kafin a yanke wa mutum hukunci a duba abin da ya canza shi. Wanda ya shekara goma yana tsince sassan jikin mutane a kwalta, wani lokacin na maƙwabtansa, ba ya fita haka nan. Wani barci ke ƙaurace masa, wani ya koma saurin fushi, wani ya fara shan abin da zai mantar da shi, wani ya daina jin tsoron komai, mu kuma muna yaba masa da jarumta. Irin wannan hutu yake buƙata da wanda zai saurare shi.

Sauran kuma na hukuma ne da masu hali. Ba adalci ba ne a zargi mutum da rashin sa safar hannu alhali ba a taɓa ba shi ba. Dokar 2014 ɗin nan ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don agajin gaggawa, sai a tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma ko wani abu ya taɓa gangarowa mazaɓarku. Kafin ya gangaro, attajirin da ke raba wa ƙungiya shadda da salla ya haɗa da kwalin safar hannu, da riga mai ƙyalli, da tocila, da igiya mai kauri, ya biya musu kuɗin allurar ciwon hanta.

Akwai dai wanda za a yi wa magana a keɓe, a sake yi a gaban dattawan ƙungiya, a canza masa aiki, ya ci gaba da yi wa mutane allura a ɗaki, ko ya ci gaba da zuwa aiki a buge. Malaman fikihu sun daɗe da bayyana cewa wanda ya yi wa mutum magani ba tare da sani ba, ya jawo ɓarna, akwai lamuni a wuyansa, kuma ba su ce kyakkyawar niyya ko rashin karɓar lada yana sauke shi ba. Irin wannan a karɓe kakin da katin shaida, a sanar da dagaci da inchajin asibiti cewa ba da sunan ƙungiya yake aiki ba, a kuma faɗa masa sharaɗin dawowa: ya sake horo, ya yi wata uku yana fita ƙarƙashin wani. Za a yi gutsiri-tsoma a gari, wataƙila a daina gaisawa na ɗan lokaci. Shugaban da ba zai iya ɗaukar wannan ba, ya miƙa wa wanda zai iya.

Ga waɗanda ke da sabis a garuruwansu, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122, ta kiran gaggawa kuma 112. A haɗa da lambar inchajin asibiti mafi kusa da ta direba biyu, a rubuta a bangon masallaci da na tasha.